Sarƙar injin sare itace: Gyaran minti biyar da ke raba magidanci da gadon asibiti

Idan guguwar farkon damina ta kayar da dogonyaro a kan katanga ko ta toshe hanya a Barade da ke Jalingo, mai injin sare itace ake nema. Kafin ya gama ɗura mai, yaran unguwa sun kewaye shi suna kallo. Ba kasafai ake samun wanda zai lura ko ya duba sarƙar injin kafin ya ja igiya ba, alhali a nan hatsarin yake.

Wannan sana'a ta bunƙasa a Taraba a shekarun da 'yan kasuwa suka yi rububin itacen madobiya, wanda aka fi sani da madrid, ana lodinsa daga dazukan Bali da Gashaka da Kurmi zuwa ƙasar Sin. Ɓarnar ta kai ga a shekarar 2016 aka sanya itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Injunan kuwa suna nan a hannun jama'a, ana tsaga katako da faskaren itacen gidajen burodi da su. Akasarin masu riƙe da su a wurin ubangida suka koya, ba daga takardar da kamfani ya haɗo da injin ba.

Abin mamaki, likitoci ne suka fara ƙera zarto mai sarƙa. Wasu likitoci biyu 'yan Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, su suka fito da ƙaraminsa a ƙarshen ƙarni na 18 domin yanka ƙashi a wajen tiyata. Na sare itace mai amfani da fetur sai a shekarun 1920 ya bayyana a Jamus. Sarƙar injin yau tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba ta yanka nama kamar wuƙa. Yagarsa take yi, ta cusa garin katako da mai a cikin raunin.

Sarƙar tana zagaya wani dogon faffaɗan ƙarfe, mu kira shi harshen inji. Idan ta yi sako-sako har tana lilo a ƙarƙashin harshen, tana iya goce wa layinta ko ta tsinke ta dawo kan hannu ko cinya. Idan kuma an ɗaure ta tamau, sai ta yi zafi, ta cinye harshen, ta ƙwari injin.

Gyaranta ba wuya. A kashe injin, a bar shi ya huce, a sa safar hannu. A sassauta notocin da ke riƙe da harshen, a ɗaga bakinsa sama da hannu ɗaya, sannan a juya sukurun ɗaure sarƙa a hankali har ta kwanta a jikin ƙasan harshen. A ɗaure notocin alhali bakin yana ɗage. Daga nan a ja sarƙar da hannu. Ya kamata ta zagaya ba tare da cijewa ba, in kuma an ɗan ɗago ta aka saki, ta koma mazauninta nan take.

Maganar hucewar nan ita ce wadda mai sauri ke tsallakewa. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. Wanda ya ɗaure sarƙa tana da zafi ya ajiye injin haka, idan ta huce za ta tsuke ta matse sassan injin. Don haka in dole ta sa an ƙara ɗaure ta a tsakiyar aiki, a sassauta ta kafin a tafi gida. Sabuwar sarƙa kuma ta fi saurin saki, sai an riƙa duba ta akai-akai a ranakun farko.

Daga ɗauri sai kaifi. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, dakusasshiya kuwa gari kamar na tuwo. Da zarar ta dakushe, mutum yakan fara danna injin da ƙarfinsa, ya gaji, hannu ya yi sanyi. Ana wasa haƙoran da magagari mai zagaye daidai girmansu, galibi a karkace digiri 30, kuma kowane haƙori a ba shi shafa daidai da ɗan'uwansa. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da ke iyakance zurfin cizonsa. Wasu sukan goge shi sosai wai don injin ya fi ci. A ganina babu ganganci a sana'ar da ya kai wannan, domin yana ƙara haɗarin harbin inji, wato lokacin da saman bakin harshe ya taɓa reshe, injin ya zabura sama ya nufo fuska ko kafaɗa cikin ƙiftawar ido. Birkin sarƙa aka yi don irin wannan lokaci, sai dai da yawa daga tsofaffin manyan injuna irin Stihl 070 da ake tsaga katako da su ba su da shi. Mai irinsu ya riƙe da hannu biyu, kada ya yi yanka sama da kafaɗarsa.

Man sarƙa ma abin dubawa ne. A nuna bakin harshen ga kututture a ɗan ba da wuta, in man yana fita za a ga layinsa. Ƙonannen baƙin mai da aka juye daga mota yana da arha, amma ba ya kare sarƙa yadda ya kamata, kuma yawan taɓa fata da shi na da illa. A wanke filtar iska, a share kwarin harshen, a juya shi lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya cinye.

Iyali na da nasu rabon. Kada a ajiye injin ko jarkar fetur ɗin da aka gauraya a ɗakin kwana ko kusa da murhu, kuma a rufe harshen da kubensa saboda yara. Idan ana kayar da bishiya, 'yan kallo su ja baya aƙalla ninki biyu na tsawonta. Uwargida kuma ta lura idan maigida ya fara ƙure rediyo ko yana cewa a maimaita masa magana. Ƙarar injin ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa idan an daɗe ana ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada.

In tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Ban da zuba ƙasa, toka, fetur ko ruwan batir. Idan jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da faffaɗan ƙyalle tamau, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a faɗa wa likita. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. A wuce Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Jalingo kai tsaye, a kuma tambayi allurar tetanus ko da raunin ƙarami ne.