Wa ke tarbar mai barin shaye-shaye a Fadan Kagoma?

Yau shirin namu ya yada zango a Fadan Kagoma, mazaunin Kpop Gwong, sarkin mutanen Gwong, a ƙaramar hukumar Jama'a, mahaifar marigayi Gwamna Patrick Yakowa, kuma ƙasar citta.

Noman citta aikin ƙarfi ne. A yi kaftu, a lulluɓe gona da ciyawa, a tone, a tsaga, a shanya. Ta nan tiramol ke samun ƙofa: ɗan ƙwadago ya haɗiyi ƙwaya don ya kai yamma bai gaji ba, da dare ya sauke gajiya da burkutu ko ogogoro, kafin ya ankara jiki ya saba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ban da masu shan giya.

Ga mai son barin sha, matakin farko na likita ne. Wanda ya daɗe yana shan giya, in ya daina farat ɗaya, makyarkyata kan kama shi, wani har farfaɗiya da gane-gane, kuma ana mutuwa a hakan. Saboda haka iyalai kan nufi babban asibitin Kafanchan ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Amma ranar da aka sallamo mutum ya sauka a tasha, mashayar tana nan, abokan sha suna nan, bashin da ya bari ma yana nan.

A nan ne waɗansu iyaye, don ɗimuwa, suke kai nasu gidan mari. Jihar Kaduna ta ga inda wannan hanya ke kaiwa a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza daga wani gida a Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa.

Akwai hanyar da ta fi wannan mutunci. A 1935, a Akron ta Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa zama da wanda ya san zafin abin yana hana komawa ruwa. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ke nan. A gida kuwa, tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya riƙa sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana.

Mutanen Gwong ba baƙin irin wannan ba ne. Suna da gayya, suna da adashe, suna da zumuntar maza da ta mata a coci, Musulmin yankin suna da zaurukansu. Abin da taron masu barin sha ke buƙata kaɗan ne: ɗaki, benci, rana tsayayya kowane mako, wanda ya riga ya daina a matsayin jagora, da ma'aikacin lafiya da za a kira in jiki ya rikice. Sharaɗi mafi wuya shi ne riƙon amana, don a garin da kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita kasuwa ba mai sake zuwa. Wanda ya koma sha kuma a bi shi gida, kada a karanta sunansa gaban jama'a.

Binciken na 2018 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya, ɗaya mace ce, kuma kunya kan hana ta neman magani. Aikin tarbar irin waɗannan mata yana jiran shugabannin zumuntar mata.