Kafin Ku Sauka Daga Kwalta

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tarar da ƙanena da abokansa biyar a rumfar wani mai faci a Birnin Ƙonni, sun jingine babura suna zana hanya a ƙasa da tsinke. Asabar da asuba za su bi babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram har Tsarnawa, su gangara kwarin Magiya su ga madatsar Mozage, su haura Malbaza inda masana'antar siminti take, su kwana wajen Galmi. Lahadi kuma su yanki tudu ta Tajaye zuwa Illela, su faɗo Badagishiri, su kamo kwaltar Tawa su dawo gida. Duk gardamarsu a kan babura take: wane ne Haojue ɗinsa zai riga, wane ne Boxer ɗinsa zai fi jure wahala. Babu wanda ya ambaci ƙasar da za su taka, balle mutanen da za su ratsa.

To, ƙasar Adar da za su ratsa ba iri ɗaya ba ce, kuma abin da wani yanki ke so wani yanki ya ƙi shi. A cikin kori da jigawa yashi ne mai laushi. Taya mai cike da iska tana nutsewa a ciki kamar tabarya, domin ɗan wurin da take taɓa ƙasa ƙanƙani ne, duk nauyi a kansa ya taru. Idan aka sassauta iskar kaɗan, tayar ta baje, nauyin ya watsu, sai babur ya hau kan yashin maimakon ya haƙa shi. Mahayi ya ja jikinsa baya don gaba ta yi sauƙi, ya riƙe wuta daidai, ya bar kan babur ya ɗan yi rawarsa. Sabon shiga da ya ji kan yana kaɗawa yakan saki wuta ya damƙe birkin gaba, nan take nauyi ya koma gaba, taya ta nutse, ya sha ƙasa.

Da an haura tudu kuwa, labari ya juye. Saman tudun Adar jan dutse ne da marmara masu kaifi. Tayar nan da aka sassauta, idan ta daki dutse, sai bakin ƙarfen wili ya matse tub ya huda shi wuri biyu. Don haka famfon hannu ya fi kowane kayan ado amfani: a rage a kori, a ƙara a tudu, ko da sau biyar ne a wuni. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa buƙatar bayani ga wanda ya taɓa tura babur cikin rana. A tafi da tub na ajiya, da faci da gam, da ƙarafunan cire taya, kuma a tabbata akwai mutum ɗaya a ayarin da ya taɓa yin aikin da hannunsa, ba kallo kawai ba.

Hanyoyin jar ƙasa na tsakanin ƙauyuka suna da nasu ciwon, wato gargadar nan mai layi-layi da tayoyin motoci ke ginawa sannu a hankali. Girgizarta na kwance noti ba ka sani ba. Ƙura na toshe matacin iska, man da aka shafa wa sarƙa ya haɗu da rairayi ya koma kamar dutsen niƙa. Injin ƙananan baburan nan kuma iska ce ke sanyaya shi. A cikin yashi yana ta ihu a ƙaramar giya, tafiyar ba ta da sauri, iskar ba ta isarsa. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40 a Ƙonni, wannan neman rigima ne ga inji da mahayinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabarairu ya fi, ko da yake hazon hunturu na rage gani, kuma wanda ke bin ƙurar na gabansa kusa-kusa ba zai ga rami ba sai ya faɗa.

Damina ita ce mai yaudara. Ruwan da ke sauka a kan tudu ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi, sai ya tattaru ya gangaro koramu zuwa Magiya, wadda ke wucewa har tafkin Kalmalo a Najeriya. Kana iya tsayawa a bakin kori, sama tas babu ko gajimare, ruwan da aka yi can nesa ya iso maka da itace da laka. Idan ruwa ya kai bakin da inji ke shaƙar iska, ya shige silinda, fistan ba zai iya matse shi ba, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Wannan hasarar babur ce kawai. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kwashe ƙafar mutum. Kuma kada wanda ya shimfiɗa tabarmar kwana a cikin kori don yashinsa na da daɗi.

Akwai wani abu da mai gudu zai ɗauka fili ne banza a kewayen Illela da Badagishiri. A 1989 wasu manoman yankin suka je Yatenga a Burkina Faso, a ƙarƙashin wani shiri da asusun IFAD ya tallafa, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, ruwan sama ya tsaya a ciki. Suka dawo da dabarar, wadda ake kira tassa a nan, aka farfaɗo da ƙasar da kowa ya fid da rai da ita. Ramukan nan da kunyoyin rabin wata da jerin duwatsu, kowanne gumin wani ne. Babura shida su ratsa su don nishaɗi, ai neman faɗa ne, kuma mai gona ne da gaskiya.

Sai babbar maganar, wadda ta sa na zauna a rumfar nan har la'asar. Ƙarar babura da yawa a lokaci ɗaya ta canja ma'ana a ƙasar nan. Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tilliya da Tasara, a arewacin jihar Tawa. A farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a sassan jihar Tilaberi. Ranar 21 ga Maris 2021, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyuka a yankin Tilliya, gwamnati ta ce mutum 137 aka kashe. Tsallaken iyaka, a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, sunan 'yan bindigar Lakurawa ake ji. Matar da ke daka a ƙauye, ta hango babura shida cikin ƙura, kowa ya rufe fuska da rawani ko hular kwano, me kuke so ta zata? Sojan da ke shinge fa?

Shi ya sa shirin tafiya ke farawa daga ofishin jandarma. A je a faɗi hanya da ranaku da yawan mutane, a tambayi inda aka hana da lokacin da aka hana, musamman ɓangaren Alela da Bazaga da duk abin da ya kusanci iyaka, domin dokokin kan sauya. Idan an ce kada a bi, an gama magana. Kowa ya riƙe katin shaida da takardun babur. A aika wa mai garin da za a kwana tun da wuri, ta hannun wanda ya sani. A bakin ƙauye a rage wuta, a buɗe fuska, mutum ɗaya ya sauka ya taka da ƙafa ya yi sallama: "Baba, sannunku da hutawa, baƙi ne daga Ƙonni, ina gidan mai gari?" Kafin magariba a kashe injuna.

Mai kuma a cika tanki a gari. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a Mayun 2023, ruwa-ruwa, wato man kwalba da ake tsallakowa da shi daga can, ya daina zama abin dogaro kamar da, kuma yashi na shan mai fiye da kwalta. Idan dole ta sa aka sayi na kwalba, a tace shi da ƙyalle. Ruwan sha ya fi man yawa. Asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, yana bakin kwalta, amma daga tsakiyar tudu zuwa can da karyayyar ƙafa tafiya ce mai tsawo, ga waya ba ko'ina take kamawa ba.

Ƙanena ya goge rabin zanen da tafin ƙafa. Suka rage tafiyar zuwa wuni ɗaya, Mozage da Galmi kawai, suka ɗage ta mako guda. Mai facin, wanda bai ce uffan ba duk zaman, ya miƙe ya ciro tub biyu daga ƙusa ya faɗi kuɗinsu.