Lambunan Kantabari: Birnin da Ya Riƙe Amanar Ƙasa

Da yawa cikin masu karatunmu sun taɓa jin sunan Kantabari. Tsohon birni ne a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila, tafiyar kamar mil 60 daga Landan. A can ne Agustin mai bishara ya kafa aikinsa cikin shekara ta 597, bayan da Sarki Etelbat ya ba shi masauki. A babbar majami'ar birnin kuma aka keɓe Samuel Ajayi Crowther ya zama bishop ran 29 ga Yuni, 1864, domin aikin bishara a ƙasashen bakin kogin Kwara.

A wannan wata muna so mu zagaya da ku bayan majami'ar, mu duba lambunan birnin. Kantabari ba shi da faɗi, baƙi kuwa suna tururuwa zuwa cikinsa kowace shekara, saboda haka kowane taku na ƙasa kuɗi ne mai yawa. Duk da haka akwai filaye a tsakiyar gari waɗanda ba a yi gini a kansu ba. Yaro yana wasa a ciki, tsohuwa tana shan inuwa, ba wanda zai tambaye su ko kwabo. Yaya aka yi waɗannan filaye suka tsira? Ai ba da kansu suka tsira ba. Kowannensu akwai waɗanda suka tsaya masa.

Lambun masu zaman zuhudu

A zamanin dā masu zaman zuhudu ne suke lura da babbar majami'ar. Suna bin ƙa'idar Benedik, wadda ta haɗa addu'a da aikin hannu, ta kuma ce ya kamata gidansu ya kasance da ruwa da wurin niƙa da lambu. Wajen shekara ta 1165, a zamanin shugabansu Wibert, aka zana taswirar gidan, tana nan har yau a wani ɗakin littattafai a Kambirij. Taswirar ta nuna yadda suka jawo ruwa daga maɓuɓɓuga a bayan gari cikin bututun dalma. Ruwan yana ratsa gonar hatsi, da gonar inabi, da lambun 'ya'yan itace, yana kwanciya a kwami bayan kwami har ya yi garau kafin ya shiga gida. An kuma zana wani ɗan lambu na ganyayen magani da na miya, ba nisa da ɗakin marasa lafiya. Wato tun fiye da shekara 800 da suka wuce, waɗannan bayin Allah sun gane cewa kula da ruwa da ƙasa yana cikin hidimar Ubangiji.

Tudun Dane John

A jikin ganuwar birnin ta kudu akwai wani tudu da ake kira Dane John. Masana sun ce makabarta ce tun zamanin Romawa. Da Normawa suka ci Ingila a 1066, sai suka kafa kagara a kansa. Daga baya wurin ya zama fili kawai. Cikin 1790 wani attajirin garin, James Simmons, mai jarida kuma mai banki, ya ɗauki nauyin gyara shi da kuɗin aljihunsa. Ya baje ƙasa, ya fid da hanyoyin tafiya, ya dasa itatuwan inuwa layi biyu, ya kuma yi hanya mai karkacewa zuwa ƙwanƙolin tudun. A 1803 aka kafa hasumiyar tunawa da shi a can bisa. Wanda ya hau zai hangi majami'a da rufin gidajen birni duka.

Ku lura da abu ɗaya. Wanda ya dasa itacen inuwa ya san ba shi ne zai fi morarsa ba. Simmons ya rasu a 1807, itatuwansa ba su gama girma ba. Ga shi kuwa fiye da shekara 200 mutane suna hutawa a filin da ya gyara.

Kyautar gidan Williamson

A yammacin birni akwai tsohuwar ƙofa mai suna Westgate, wadda aka gina wajen 1380. Kusa da ita kogin Stour yake gudu, ruwansa garau, har ana ganin ciyayin da ke ƙarƙashi suna kaɗawa. Filin da ke bakin kogin, da gidan da ke cikinsa, mallakar iyalin Williamson ne, masu babbar majema a garin. Cikin 1936 suka ba birnin gidan da lambun kyauta domin amfanin jama'a duka. Bayan shekara biyu, a 1938, uwargidan, Catherine Williamson, ta zama mace ta fari da ta riƙe sarautar magajin garin Kantabari.

A cikin lambun akwai wani ƙaton itace mai kaurin gindi kamar kuka, ana zaton ya haura shekara 200. Mutanen garin sukan ce dā akwai bencin ƙarfe kewaye da shi, itacen ya yi ta ƙiba har ya haɗiye bencin. Da iyalin nan sun so, da sun yanka filin sun sayar, ba kuwa mai ganin laifinsu. Suka zaɓi su bar wa 'ya'yan wasu.

Gayaunar mutumin birni

Ban da lambunan shan iska, akwai wani irin lambu a gefen Kantabari da kusan kowane gari na Ingila. Hukumar gari ce take yanka fili ƙanana ƙanana, tana ba mutane haya da kuɗi kaɗan a shekara. Mu a nan sai mu ce gayauna ce, sai dai hukuma ce take bayarwa a maimakon maigida. Cikakken yanki ɗaya yakan kai kamar yadi 30 a tsawo, yadi 10 a faɗi. A ciki ake shuka dankalin turawa, da kabeji, da karas, da albasa, da wake, da latas. Za ka tarar da malamin makaranta da direban bas da tsohon soja suna maƙwabtaka, suna musayar iri da shawara ta kan shinge.

Asalin wannan al'ada baƙin ciki ne. A ƙarni na 18 da na 19 masu hali suka yi ta killace filayen da dā na kowa da kowa ne, inda talaka yake kiwon saniyarsa yana samun itacen wuta. Talakawan ƙauye suka rasa madafa. Waɗansu masu gonaki da limaman ikkilisiya suka ga wahalar, suka fara yanka wa ma'aikata ɗan abin shukawa, har daga cikin gonakin ikkilisiya. Amma alheri irin wannan yakan mutu tare da mai shi, shi ya sa aka nemi doka.

Dokar 1908 ta ɗora wa hukumomin garuruwa nauyin samar da waɗannan lambuna idan akwai bukata. Ta ce ko mutum shida ne daga cikin masu jefa ƙuri'a ko masu biyan haraji suka rubuta suna nema, dole hukuma ta duba maganarsu. Dokar 1922 ta bayyana cewa amfanin lambun na cin mai shi ne da iyalinsa. Dokar 1925 ta hana hukuma sayar da filin da aka keɓe domin wannan aiki sai da iznin minista. Dokar 1950 kuma ta ce ba a tashin mai haya haka kawai, sai an ba shi sanarwar wata 12, ta kuma yarda masa ya yi kiwon kaji da zomaye.

Ranar da aka ga amfaninsa

Kafin yaƙin duniya na biyu, kusan kashi biyu cikin uku na abincin Birtaniya daga ƙetare yake zuwa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, jiragen Jamus masu nutso suka shiga nutsar da jiragen kaya. Gwamnati ta yi shela kowa ya ɗauki shebur. Aka nome filayen wasa da wuraren shan iska, har a tsakiyar Landan. Zuwa 1943 lambunan haya sun kai wajen miliyan 1.4. Kantabari kanta ta sha wuta: a daren 1 ga Yuni, 1942, jiragen sama suka yi mata ruwan bama-bamai, unguwanni suka ƙone, amma babbar majami'ar ta tsira domin waɗansu mutane sun kwana a kan rufinta suna jefar da bama-baman wuta ƙasa. A waɗannan shekaru na ƙunci, ɗan yankin lambu ya cika tukunyar gidaje da yawa.

Da aka sami lafiya da yalwa, sai mutane suka yi sanyi. Lambuna da yawa a ƙasar suka koma ciyawa, daga nan aka gina gidaje da hanyoyi a kansu, musamman waɗanda doka ba ta keɓe ba. Yanzu adadinsu bai kai ko rabin na lokacin yaƙi ba. Sai kuma sha'awa ta dawo, ta ƙaru ƙwarai a lokacin annobar korona ta 2020, har a garuruwa da yawa mutum yakan rubuta sunansa ya yi shekaru yana jiran yanki ɗaya. Filin da aka riga aka zuba wa siminti kuwa ba ya komawa lambu.

Mu fa?

Littafin Farawa, sura 2, ya nuna mana cewa aikin fari da Allah ya ba ɗan Adam aikin lambu ne, aikin kuwa kashi biyu ne: nomawa da kiyayewa. Mu manoma ne, nomawa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kiyayewar ce take neman kuɓuce mana. Ikkilisiyoyinmu da makarantunmu da yawa suna da filayen da iyayenmu suka samu tun gari bai kai wurin ba. Yau gari ya iso, masu kuɗi suna zuwa da tayi mai daɗin ji.

Kafin dattawan ikkilisiya su sa hannu a takarda, muna roƙonsu su zauna su yi shawara. Ko za a iya yanka wani sashi a ba gwauraye da ɗalibai da ma'aikata masu ƙaramin albashi su shuka alayyafo da kuɓewa? Ko za a bar wani sashi da itatuwa domin yara da tsofaffi? In an yarda da haka, a rubuta shi cikin littafin majalisa, a nemi takardar filin, domin wanda zai zo bayanmu kada ya warware. Iyaye kuma, ko bayan ɗaki ne, ku ba kowane yaro kunya ɗaya ta zama tasa, ku bar shi ya ci abin da ya shuka.

Damina tana tafe. Bari kowace ikkilisiya ta dasa ko da itace goma a bana, ta kuma sa sunan wanda zai ba su ruwa da rani. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana. Amin.