Amsa kaɗai ba ta kawo maki a lissafin jami'a

Idan ka tashi a Bagudo, Illo ko Kaoje, ka san ɗan canjin bakin iyaka. Kafin ka rufe baki ya juya maka sefa zuwa naira da ka, ko takarda bai taɓa ba. A kasuwa wannan gwaninta ce. Amma ranar da ka shiga ajin MTH 101 a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko ta Aliero, ko ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wannan saurin ne zai iya cinye maka maki.

Malamin jami'a ba amsa yake nema ba, ya riga ya san ta. Hanyar da ka bi yake son gani. Tun a WAEC ma makin hanya daban ne, makin amsa daban. A jami'a kuwa abin ya ƙara tsanani.

Duba wannan: x² = 5x. Mai gaggawa zai raba kowane ɓangare da x, ya rubuta x = 5, ya wuce abinsa. To ina x = 0? Ya ɓatar da ita, domin ya raba da abin da zai iya zama sifili. Da ya rubuta dalilin kowane mataki, da shi da kansa ya kama kuskuren.

Saboda haka fara da faɗin abin da aka ba ka da abin da ake nema. Kowane harafi ka ce me yake wakilta. Kada ka sa alamar = sai tsakanin abubuwan da suke daidai da gaske. In an ce ka kawo hujja, misali ɗaya ko goma ba hujja ba ne. Kuma kada ka ji kunyar rubuta jimla: Al-Khwarizmi na Bagadaza, wanda daga littafinsa aka samo kalmar aljabara, da kalmomi zalla ya rubuta shi.

Kai kuma da ka yi karatu a tsallake, wajen Segbana ko Kandi a Jamhuriyar Benin, kula. Can ana ba da maki a kan 20, kuma 3,5 na nufin uku da rabi. A nan 3.5 ake rubutawa, maki kuma a kan 100 yake: a yawancin jami'o'inmu 70 zuwa sama A ce, ƙasa da 40 faɗuwa.

Aikin gida da gwajin aji su ne CA, galibi maki 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya kwafe na abokinsa a WhatsApp zai iya tsira da su, amma a zauren jarrabawa shi kaɗai zai zauna da sauran 60 ko 70 ɗin.

Kafin ka miƙa aikinka, ba wa wani ɗan ajinku ya karanta. Duk inda ya tsaya ya ce "yaya aka yi ka zo nan?", to nan ne jan biron malam zai sauka. Gyara wurin tun kana gida.