Al'adar Shirya Yara Don Gwajin Besbol a Amurka

Besbol wasa ne na ƙwallo da kulki da ya samu gindin zama a Amurka tun ƙarni na 19, kuma yara kan soma shi tun suna 'yan shekara huɗu ko biyar. Babbar inuwar da ta tattara su ita ce ƙungiyar Little League, wadda Carl Stotz ya kafa a 1939 a garin Williamsport na jihar Fensilbaniya da kulob uku kacal. A 1974 ne aka fara karɓar 'yan mata. Kafin kakar wasa ta kama a watan Maris ko Afrilu, rassan ƙungiyar kan shirya gwaji domin auna gwanintar yara, kuma tanadin wannan rana ya zama al'adar gida da ake gada daga iyaye.

Shiri yakan fara ne a bayan gida. Uba ko uwa su tsaya daga nesa, su riƙa jefa wa yaro ƙwallo yana cafewa yana mayarwa. Amurkawa na girmama wannan jefe-jefe ƙwarai, domin a nan ne uba kan miƙa wa ɗansa abin da shi ma ya koya a wurin mahaifinsa. Ana somawa da 'yar gajeriyar tazara, a riƙa ƙarawa a hankali har kafaɗa ta saba. Safar hannu ta fata ita ma tana da nata gyaran. Sabuwa takan zo da tauri, sai a shafa mata ɗan mai, a cusa ƙwallo a tafinta, a ɗaure ta ta kwana, har ta yi laushi ta ɗauki siffar hannun mai ita. A jihohin arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe filaye a Janairu da Fabrairu, iyaye kan kai yara rumfunan raga inda na'ura ke harbo ƙwallo su yi ta bugu.

Ranar gwaji, iyaye kan zo da takardar haihuwa da shaidar zama a unguwa, domin shekaru da mazauni ne ke nuna reshen da yaro zai shiga. A manna masa lamba a riga, kociyoyi kuma su jeru da takardunsu suna ba da maki. Abubuwa biyar aka fi dubawa: bugu, jifa, tare ƙwallon da ke birgima a ƙasa, cafe na sama, da gudu tsakanin kusurwoyin fili, waɗanda ƙafa 60 ne tsakaninsu a rukunin 'yan shekara 9 zuwa 12. Kociyoyi na lura da ladabi ma: yaron da ke sauraro, yake shiga fili da gudu, kuma ba ya karaya idan ƙwallo ya suɓuce masa.

Bayan gwaji, kociyoyin, waɗanda galibinsu iyaye ne 'yan sa-kai, kan zauna su zaɓi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya domin kada gwanaye su taru a kulob guda. A mafi yawan rassa ba a korar yaro, sai dai a kai shi rukunin da ya dace da ƙarfinsa, kuma doka ta wajabta a ba kowa damar shiga wasa. Wannan ya bambanta da kulob-kulob masu zaman kansu da ke yawon gasa gari-gari, inda ake tankaɗe da rairaya kuma iyaye ke kashe kuɗi masu yawa.

Lafiyar yaro ita ce kan gaba a duk wannan hidima. Yawan jifa na lahanta gwiwar hannu da kafaɗar wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba, shi ya sa tun 2007 Little League ta ƙayyade jifa: 75 a rana ga 'yan shekara 9 da 10, sannan 85 ga 'yan 11 da 12, tare da kwanakin hutu na dole. Haka nan ana jan hankalin iyaye su guji yi wa yaro tsawa daga bakin fili ko tsare shi da faɗa a hanyar komawa gida, domin matsin lamba kan sa yara su tsani wasan. Ƙalilan ne ke kaiwa ga gasar duniya ta Little League da ake yi kowane Agusta a South Williamsport, wadda yaran Uganda suka zama 'yan Afirka na farko da suka buga ta a 2012. Sauran kuwa ribarsu ita ce ƙoshin lafiya, abokai, da koyon haƙuri da nasara da rashinta.