Baƙin Tsuntsaye a Dagona

Kowa ya san shamuwa. Da farkon damina ta ke zuwa, ta yi sheƙa a kan itatuwan gari, in kaka ta yi ta koma kudu. To, akwai waɗansu tsuntsaye waɗanda ba kowa ya san labarinsu ba. Su sai shamuwa ta tafi sa'an nan su ke isowa, kuma daga arewa su ke fitowa.

Wanda ya ke son ganinsu sai ya tafi Dagona, a ƙasar Bade, cikin Jihar Yobe. Can akwai wani tafki da Gwamnati ta keɓe domin tsuntsaye, an hana farauta a cikinsa. Tafkin yana cikin babbar fadamar nan da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are su ke malala kowace shekara. An ga tsuntsaye fiye da iri 300 a wannan fadama. Har mijin Sarauniyar Ingila ya zo kallonsu a 1989.

Waɗansu 'yan gida ne, rani da damina muna tare da su, kamar su dinya da kirinjijiya da balbela. Baƙin kuwa su kan fara sauka wajen watan Oktoba. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa, namijin yana da farin zane a bisa ido. Akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini. Akwai kuma wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu wanda ke bin gonakin shinkafa bayan girbi, yana tsintar abin da ya zube.

Daga ina su ke? Daga ƙasashen Turai da Rasha. Can in sanyi ya shigo, ruwan tafki ya kan daskare ya zama ƙanƙara, abinci ya ɓace. Sai su taso, su ƙetare teku, su ƙetare Hamada, tafiyar dubban mil. Ku duba fa, tsuntsun da bai kai kaza ba! Ruwan da su ke fara tararwa bayan Hamada shi ne irin na fadamun nan namu. Nan su ke zama su yi ƙiba, wajen watan Maris su koma gida su yi ƙwai.

Amma fadamar ba kamar dā ta ke ba. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa, duk a Jihar Kano. Sun yi amfani, ba mu musa ba, gama da ruwansu a ke noman rani. Sai dai ambaliyar da ke cika fadama ta ragu. A waɗansu wurare kuma ruwa ya daina janyewa da rani, sai kacala ta samu wurin zama. Wannan ciyawa ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta hana jirgin masunta wucewa. A cikinta kuma jan-baki ke ɓuya, ya fito ya faɗa wa gero da shinkafa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da agwagwar Turai? Ai ruwan da ta ke nema shi ne wanda masunci ke nema. Shi ne na mai shinkafa, shi ne na Bafillace mai jiran ciyawa ta fito bayan ruwa ya janye. In tsuntsaye suka daina sauka a wani tafki, a bincika, galibi za a tarar kifi ma ya yi ƙaranci. Shi ya sa a watan Janairu ma'aikata su kan zaga da tabarau mai hangen nesa, suna ƙidaya tsuntsaye, suna rubutawa.

Wani lokaci a kan ga tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa. Ba laya ba ce, ba kuma abin tsoro ba ne. Masana ne suka sa masa a ƙasar da ya fito, don a san hanyar da ya bi. In kun tsinci irin wannan zobe kada ku yar. Ku karanta lambar da ke jiki, ku rubuta ranar da kuka same shi da sunan wurin, ku kai wa ma'aikatan gandun daji.