Gyaran Zauren Masauki

Kogin Kaduna ya raba birnin Kaduna gida biyu. A kudancinsa a ke samun unguwannin Kakuri da Makera da Barnawa, da kuma babbar tashar jirgin ƙasa, inda hanyar Ikko ta gamu da ta Fatakwal. Tun daga 1917, sa'ad da Kaduna ta zama babban birnin Arewa, baƙi ba su yanke ba. Baƙon da ba shi da kowa a gari kuwa sai ya nemi otal, watau masaukin da a ke biyan kuɗi a kwana.

Kowane otal yana da zaure, kamar gidan Bahaushe. Nan baƙo ya kan fara sa ƙafa, ya aje kayansa, akawu ya rubuta sunansa. Daga nan a ke shiga ɗakin cin abinci da wurin sayar da abin sha. In zaure ya yi kaca-kaca, baƙo ba ya tsayawa ya ga ɗakin kwana. Sai ya juya, mai otal ya yi hasara, kuku da boyi da mai wanki su rasa aikin yi.

To, zaure ba ya daɗewa da kyaunsa a Kaduna. Ruwan damina yana da ƙarfi, ya kan kai wajen wata shida ana yinsa. Kwano ya kan tsufa ya yi yoyo, danshi ya kama bango, fenti ya ɓamɓare, gara ta ci katako. Da hunturu ya kama kuma, ƙura ta bi labule da kujeru. Saboda haka lalle ne a riƙa gyara.

Gyaran nan yana da tsari, ba a yinsa da ka. Mai gaggawa ya kan fara kiran mai fenti, domin aikinsa ne ido ke gani. Wannan ɓarnar kuɗi ce, gama ruwan farko zai ɓata fentin. Mai hankali ya kan jira rani, ya sa kafinta ya hau sama ya toshe yoyo, ya sāke katakon da gara ta ci. Sa'an nan mai aikin lantarki da mai aikin famfo su fasa bango, su binne waya da bututu. Bayansu magini ya yi yaɓe da siminti, ya gyara daɓe. Sai yaɓen ya bushe sarai kana a shafa fenti. Maginan gargajiya ma haka su ke yi: ba su zana dagi a fuskar soro sai sun gama da rufi da indararo.

Fenti mai haske ya kan sa ƙaramin zaure ya yi kamar mai faɗi. A ɗakin cin abinci kuwa, ba a cushe teburori. A kan bar hanya yadda boyi zai wuce da kwanon miya mai zafi, ba tare da ya goga ma kowa ba. Ƙofar madafa ita ma a kan juyar da ita, don kada hayaƙi ya dami masu ci.

Daga ƙarshe a rataya labule, a shimfiɗa ƙyallen tebur. A da ba sai an je nesa neman yadi ba, gama a Kakuri a ke saƙa shi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, waɗansu suka biyo baya. Amma ta tsai da aiki a 2002, yanzu yawancin yadin daga ƙasashen waje ya ke zuwa.

A hayin kogi, wajen arewa, an yi wani katafaren masauki mai suna Durbar. An gina shi ne domin baƙin da suka zo kallon hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Daga baya aka rufe shi, aka yi shekara da shekaru ana shari'a a kansa, ba mai hawa ya duba rufi, ba mai share zaure. Ciyawa ta cinye farfajiyarsa. A watan Janairu na 2020 aka rushe shi.